Na Sama

Ƙi-gudu ya gaji da sunkuyar da kai yana amsa gaisuwar masu ta'aziyya, sai ya jingina da bango ya ɗaga ido don wuyansa ya huta. Nan ya ga igiyar. Tana nan ɗaure a jikin azara inda ya saba ganinta, amma bakinta sai reto yake yi, ba komai a jiki.

Ya ƙifta ido ya sake dubawa. Mutum ne da har gobe yake zura zare a allura ba tabarau, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan labari, don haka bai zargi idonsa ba. Buhun ne babu.

Ɗakin na Sammako ne, maƙwabcinsa na gida da na gona, wanda aka binne shekaranjiya. Komai na nan yadda mai shi ya bar shi: tabarma, buta, takalman roba da dunduniyarsu ta cinye, fartanya da garma a jingine a lungu, ƙotarsu ta yi sulɓi saboda riƙo. Tun Ƙi-gudu yana da haƙoransa cif, a wannan igiya Sammako yake rataye irin dawarsa cikin ɗan buhu, nesa da ɓera da danshi da hannun mai jin yunwa. A gidan ba a ce masa iri. "Na sama" ake ce masa. Yaron gidan zai iya fasa tulu, ya hau katanga, ya ja wutsiyar jaki, amma na sama ko da kara ba ya nuna shi.

Ƙi-gudu ya dafa sandarsa ya miƙe, ya tsallake ƙafafun mutane ya fita tsakar gida. Mata na ta kai da kawo da tukwane. Ya hangi babbar 'yar marigayin, wadda ke aiki a asibitin birni, tana rarraba tabarmi.

"Ke Nas, zo nan. Ina na sama?"

Ta matso ta rusuna. "Ƙanena Direba ya tafi da shi inji, Baba. Garin gidan ya ƙare, ga baƙi ba sa yankewa."

"Inji."

"Iya ce ta ce a kai." Ta kawar da kai, idonta ya kawo ruwa. "Mu ma ba wanda ya iya ce mata komai."

"Tun yaushe?"

"Tun da hantsi."

Bai ƙara tambaya ba. Kowa ya san Ƙi-gudu ba ya gudu, sunansa ke nan, amma abin da ya yi daga ƙofar gidan zuwa bakin hanya ya yi kama da gudu ƙwarai. Shi dai daga baya ya ce sauri ne.

Ya tsare wani mai babur ya haye baya, sanda a gicciye kan cinya.

"Kasuwa, wajen masu inji. In kuma tausayin tsoho za ka ji, sauke ni in nemi wani. Na hau jakin da ya fi abin nan naka wuta."

Mai babur ya yi dariya ya murɗa. Iska ta cika wa tsohon riga. Can gabas hadari ya fara haɗa kai, baƙi-baƙi, irin wanda manomi ke gani ya je ya duba ƙotar sunguminsa. Ruwan shuka ko yau ko gobe. Ƙi-gudu ya riƙa roƙon abu ɗaya a ransa: Allah ya sa ba a jiƙa dawar ba, ba a surfa ta ba, Allah ya sa layi ya yi tsawo.

Suka wuce ta gefen gonakin. Ga tasa, ga ta Sammako, iyaka ɗaya ta raba su, an share su duka biyun suna jiran ruwa. A kan iyakar nan suka tsufa. Kowace damina Ƙi-gudu zai tsaya a kanta ya riƙe ƙugu, ya sanar da duk mai wucewa cewa jar dawarsa ta fi farar Sammako tsawo, ta fi ta kaurin kara, ta fi ta cika rumbu. Sammako zai ɗago ya share gumi da bayan hannu ya ce, "Haka ne," ya koma kan kunyarsa. Wannan "haka ne" ta fi zagi ciwo. Mutum ya shirya faɗa tun daga gida, a tare shi da "haka ne".

Ba wanda ya taɓa riga Sammako shiga gona, shi ya sa sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Ƙi-gudu ya taɓa gwadawa, ya fita gari bai gama wayewa ba, ya tarar da mutumin har ya yi nisa, raɓa ta jiƙa masa wando zuwa gwiwa. Tun daga ranar ya riƙa cewa da gangan yake bar masa, don kada a raba bawan Allah da sunansa.

Yadda yake fidda iri kuwa, Ƙi-gudu ya sha yi masa dariya a kai. Kafin girbi sai ka ga Sammako yana yawo cikin dawa shi kaɗai kamar mai neman ɓatacciyar akuya, aljihu cike da tsummoki. Ba ya zaɓar na bakin gona, ba ya zaɓar wanda ya fi girma. Sai ya kama zangarniya ya auna nauyinta a tafin hannu, ya duba karan tun daga gindi, ya ga ko tsutsa ta taɓa shi, ko iska ta taɓa kwantar da shi, sannan ya ɗaura masa tsumma. Waɗannan ya yanke su da hannunsa, ya sussuke su daban, ya rataye. Haka ya gani wurin ubansa. A da rabin gonakin yankin farar nan ce. Sannu a hankali mutane suka koma wa mai saurin nuna, wasu suka bari tasu ta gauraye, har ya zama ba ta saura ko'ina sai a bakin igiyar nan.

Rumfar injin tana bayan masu sayar da ƙarafa. Tun daga nesa ƙararta ta cika kunne. Mata sun jera robobi da kwanuka a layi, suna magana da hannu saboda ba a jin baki. Mai inji ya yi fari fat tun daga gira har yatsun ƙafa, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Can gefe Direba, babban ɗan marigayin namiji, yana tsaye hannu a aljihu, ya juya wa injin baya.

Ɗan buhun yana yashe a ƙasa, ba komai a ciki.

Ƙi-gudu ya kutsa tsakanin matan ya leƙa mazurarin da ake zuba hatsi. Farar dawa, busasshiya, tana juyawa tana nitsewa ta tsakiya. Ta ƙasa kuma gari na zuba cikin roba. Abin da ya rage a sama bai fi ya rufe gindin mazurarin ba.

"Kashe," in ji shi. "Kashe injin nan."

Mai inji ya ga bakin tsoho na motsi, ya nuna masa ƙarshen layi da haɓa.

Ƙi-gudu ya cire hularsa, ya dunƙule ta, ya tura hannu cikin mazurarin har gwiwar hannu ya cusa hular a maƙogwaronsa. Hatsi ya daina sauka. Injin ya canza murya, ya kama kukan ƙarfe kan ƙarfe. Mai inji ya yi tsalle ya kashe shi. Shirun da ya biyo baya har sai da ya yi wa mutane nauyi a kunne.

"Baba, lafiyarka kuwa?" Mai inji ya janye ƙyallen hancinsa. "Da ya ja hannunka fa? Ni za ka jawo wa masifa da tsakar rana?"

"Hannun nan ya shiga bakin bijimi ya fito lafiya. Injinka yaro ne."

"To me ya yi zafi?"

"Iri kake niƙawa."

Mai inji ya dubi mazurarin, ya dubi Direba. "Iri? Ana jiran ruwa yau ko gobe, wa ke kawo iri inji?"

Direba ya tako a hankali ya tsaya gaban tsohon, kansa a ƙasa.

Wata mata mai goyo da ke gaba a layi ta buga cinya. "Mu dai a sallame mu. Tun safe muke nan, yanzu kuma an kawo mana wasan tsofaffi."

"Yi haƙuri, 'yata, ara mini kwanon nan naki," in ji Ƙi-gudu. "Irin Sammako ne."

"Sammako mai farar dawa? Shi ya ce a niƙa?"

"Ya riga mu gidan gaskiya."

Matar ta juye abin da ke cikin kwanonta a roba, ta goge shi tas da bakin zane, ta miƙa masa da hannu biyu. "Allah ya jiƙansa. Babanmu har ya rasu yana cewa hannun mutumin nan ne ya mai da mu gida."

Ƙi-gudu ya kwashe dawar da tafin hannu, a hankali, yana bin lungun mazurarin da yatsa. Mai inji da kansa ya kawo ɗan tsintsiya ya tattaro masa ƙwayoyin da suka maƙale a gefe. Duka-duka kwanon bai cika ba. Da aka zaro hular, injin ya cinye mata baki ɗaya.

"Ga hularka, Baba. Ta yi shahada."

"Dama ta ishe ni," in ji shi, ya kifa ta a kansa haka nan, gari na zubo masa a kunne.

A motar Direba suka koma, robar gari a baya, kwanon a kan cinyar tsohon, ya rufe shi da tafukansa. Sun fita daga kasuwa sun hau hanya kafin ɗayansu ya yi magana.

"Na san abin da na ɗauka, Baba," in ji Direba, idonsa a kan titi. "Ba mantuwa ba ce."

"Da mantuwa ce da na mare ka a gaban mata, da gemunka da komai."

"Da safe ta kira ni ta ce, ɗauki na sama ka kai inji. Na tsaya ina kallonta. Ba ta ɗago ba. Sai na ce a raina, to, Iya ta yanke: noma ya bi mai shi. Ni ina kan titi, Yaya tana asibiti, ƙannenmu kowa da inda ya kama. Wa zai shuka? Matar da ta kwana biyu ba ta sa komai a ciki ba, in tsaya ina yi mata gardama?" Ya gyara riƙon sitiyari. "Da na hau kujera zan kwance igiyar nan, wallahi ji nake kamar babanmu zai shigo ya same ni."

Ƙi-gudu ya yi gyaran murya. "Kana tuna shekarar da ruwa ya ƙi?"

"Ina tunawa da buhun."

Shekarar ce ta ba Ƙi-gudu sunansa. Dawa ta bushe tun tana gwiwa, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka ɗaure kaya suka bi hanya gida-gida. Shi ya tsaya a tsakiyar gari ya rantse cewa ko shi kaɗai ya rage ba zai gudu ba, kuma ya tabbatar kowa ya ji. Ya ci ganye, ya ci saiwa, ya ci abin da ba ya faɗa a gaban yara, ya ga bayan yunwar, kuma ya binne da yawa daga waɗanda suka fi shi ƙiba. Wannan labari ya ba da shi a kasuwa, a mota, a gidan biki da gidan makoki. Abin da bai cika sakawa a ciki ba shi ne akwai wani gidan da bai tashi ba, na Sammako, mai gidan kuma bai rantse wa kowa ba.

"Muna kwance a ɗakinsa," in ji Direba, "ni da Yaya, ciki ya manne da baya, muna kallon buhun nan yana lilo a kanmu. Na ce, Baba, ga hatsi can. Ya ce, wancan ba hatsi ba ne, baɗi ce. Ya ɗauki gatari ya fita. Sai yamma ya dawo da ɗan abin da ya samo na itacen da ya sayar, ya ba Iya, ya ce shi ya ci a hanya."

"Bai ci ba. Tare muka je. Ni na fi shi sara, amma bai ci ba."

"Na sani."

"Da ruwa ya dawo, mutane suka dawo hannu rabbana, ubanka ya zauna a ƙofar gida yana ba kowa tafi guda na irin. Ni ban karɓa ba, ka sani. Ina da nawa a tulu, na binne a ƙarƙashin gado. Har ya koma ga Allah ƙwayarsa ɗaya ba ta shiga gonata ba." Ya ɗan buɗe tafukansa ya leƙa kwanon. "Amma ubanka manomi ne. Bayan ni, ban ga kamarsa ba."

Direba ya yi dariya, ya share ido da kafaɗa.

Iya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, 'yar ƙaramar tsohuwa, mayafi har goshi, mata kewaye da ita. Ƙi-gudu ya yi sallama ya tsuguna nesa kaɗan, ya ajiye kwanon a gabanta. Direba ya sauke robar garin ya durƙusa.

Ta dubi kwanon. Ta ɗebi ƙwayoyin ta mirza su a yatsa. Ta dubi robar.

"Mene ne wannan?"

"Na sama ne, Iya," in ji Direba. "Da kika ce a kai inji. Baba ne ya tare sauran."

Ta ɗago ta dube shi.

"Buhuna nawa ne jibge a ɗakin ajiya, ɗaya kan ɗaya?" ta ce a hankali. "Na saman na ce ka ɗauka, don kada ka sha wahalar janyo na ƙasa."

Nas ta toshe baki da mayafi.

Direba ya ce, "Iya, a gidan nan in an ce na sama..."

"Na san abin da ake nufi a gidan nan, tun ba a haife ka ba. Ni zan ce a niƙa shi? Ni da na dafa muku ganye ba gishiri ina kallonsa?" Ta girgiza kai. "Kai da ubanka duk ɗaya. A gaya muku magana, ku haɗiye ta ku tafi kuna ciwo, ba za ku buɗe baki ku tambaya ba."

Direba ya kifa goshi a kan gwiwarsa. Ta miƙa hannu ta dafa masa kai, ta bar hannun a wurin.

"Ya isa. An niƙa, an niƙa. Ke Nas, ku ɗora tukunya da shi, a ba baƙinsa su ci. Ni ma a zubo mini. Tun ina amarya nake son in ji me ke cikin abin nan da aka fi ni tattalinsa."

Matan suka yi 'yar dariya, wasu suna share hawaye. Iya ta tura kwanon gaban Ƙi-gudu da yatsu.

"Kai kuma, mai hular ɓera, ɗauki. Kai ka tsamo shi. Yaran nan jibi kowa zai kama hanyarsa. Ka shuka a gonarka, kada ya mutu a hannuna."

Ƙi-gudu ya dubi kwanon. Iska mai sanyi ta ratso tsakar gidan ta ɗaga gefen tabarma, mata suka fara kwashe shanya.

"A gonata? Allah ya kiyaye. In na shuka shi a gonata ya zama nawa, to wa zan kayar? In tsaya a kan iyaka in yi wa kaina gori?" Ya ja kwanon ya rungume. "A gonarsa za a shuka, daga gefen da ke jikin tawa. Ni zan sara, ni zan zuba, ni zan nome. Da kaka ku zo ku gani da idonku yadda jar dawata za ta shanye farar nan, kamar kullum."

"Gona biyu, da wannan ƙugun naka?"

"Ƙugun nan ya binne sa'o'insa duka."

"To in kai ke noma ta nan, kai ke noma ta can," in ji Iya, "ranar da ciyawa ta taso musu tare, wacce za ka fara shiga?"

Ƙi-gudu ya buɗe baki, ya rufe. Abin da ba a saba gani ba ke nan. Ya dafa sanda ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya gyara yagaggiyar hularsa.

"Tasa," ya ce. "Kada in kayar da shi a ce don ba ya nan ne."

Ya juya wajen Direba, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Tashi ka ɗauko mini sungumin ubanka. Nawa ƙotarsa ta yi gajarta."